Yadda Za Ka Kira Karen Gado Ya Zo

Kana da kare, kana kiransa yana kallonka kamar mai tallan abin da ba ya so? Zauna ka karanta. Hanyar nan ba ta taɓa kasawa ba. Sau ɗaya aka gwada ta, a ƙauyenmu na wajen Taura, kuma ta yi.

Na yi karatu a ƙasar da ake sa wa kare riga lokacin sanyi. Da na dawo na tarar da gadon mahaifina: gida, gonar riɗi, awaki, da wani baƙin kare mai suna Duna da ke kwana a bakin garke. Tun da yake nan ɓarawo bai taɓa kwance mana akuya ba. Aibinsa ɗaya, ba ya iya ganin zabin maƙwabcinmu Baba Lado ya kau da kai.

1. Jira a kai ƙararka

A nan ba wanda ke horar da kare don nishaɗi. Kana buƙatar dalili, kuma maƙwabci zai samo maka. Ni Baba Lado ya kai ni gaban mai unguwa bayan Duna ya tarwatsa masa zabi har wasu suka ƙi saukowa daga kan tsamiya. Aka yanke: ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, za a saki zabi a filin ƙofar mai unguwa, in kira kare. In ya zo, ya ci gaba da zama a gidana. In bai zo ba, a ba mafarauta su tafi da shi, awakina kuma su koyi gadin kansu.

2. Bar usur a shago

Littattafan can sun ce ka sayi usur. Na saya a Dutse. Ina busawa samarin unguwa suka fito da ƙwallo suna tambaya wa zai tsaya gola. Fito kuwa kada ka fara, tsofaffi za su ce kana gayyato mana waɗanda ba a gani. Kira sunansa kawai, sau ɗaya. Wanda ake ta kira bai zo ba ya riga ya gane cewa ba dole ba ne.

3. Tanadi lada, amma ka san a gidan wa kake

Kare ba ya zuwa don Allah. Duk lokacin da ya amsa, ka ba shi abin da yake so. Masana sun ce nama. Na sa kilishi a aljihu. Gwaggo Gaji, ƙanwar mahaifina da ke riƙe da gidan, ta sunsuna iska.

“Abdulrauf, me nake ji?”

“Na aiki ne, Gwaggo.”

“Wane aikin?”

“Na Duna.”

“Ni da na goya ka ban ga tsarabar ko allura ba, kare ne zai ci kilishi? To kira ni mana. Ka ga ko ba zan zo da gudu ba.”

Ka miƙa mata kilishin. Ka roƙi ƙanzon tukunya. Kare bai san bambanci sosai ba, gwaggo ta sani. Kuma ka jefa masa a ƙasa. In ya sa baki a kwanon gida, wanki bakwai ne, kuma kai za ka yi shi.

4. Kada ka durƙusa

Wannan shi ne dukan ilimin. Sauran ado ne.

Can an koya mini cewa in za ka kira kare ka durƙusa, ka sauke hannu ƙasa, don ya ga ba ka da mugun nufi. Na yi haka. Duna ya ɓace, sai da yamma aka gan shi a bayan maƙabarta. Karen ƙauye tun yana kwikwiyo ya san abu ɗaya: mutum ba ya sunkuyawa a gabansa sai zai ɗauki dutse. Saboda haka ka miƙe kamar turke. Ko hularka ce ta faɗi, bar ta.

5. In ya zo a makare, ka yi masa maraba

Ari igiyar guga, ka ɗaura masa, ka bar shi ya yi nisa, ka kira. In ya yi gardama ka jawo a hankali. Ka mayar da igiyar kafin a tashi ɗiban ruwa.

Masu zaman inuwa za su ba ka shawara kyauta: “Kama shi ka zane shi, gobe da kansa zai zo.” Ka yi godiya ka wuce. Haka aka yi wa yawancinmu, shi ya sa in waya ta yi ƙara muka ga daga gida ne sai mu kife ta.

6. Ranar gwaji, ka zaɓi wanda za ka ɓata wa

Juma'a ta zo, fili ya cika. Mai unguwa ya shiga gida ya sake riga. Baba Lado bai iya jira ba, ya buɗe akurki. Zabi suka watsu, Duna ya bi su.

Na kira. Ya ja birki, ya waiwayo, ya fara tahowa.

A nan ne mai unguwa ya fito daga zaure. Kowa ya tuɓe takalmi ya zube ƙasa. “Ranka ya daɗe! Barka da fitowa!”

Duna ya ga gari guda ya sunkuya lokaci ɗaya, hannuwa a ƙasa. Ya daskare, wutsiya a tsakanin ƙafafu, rabin jikinsa ya juya wajen daji. Mutum ɗaya ya rage a tsaye, kuma shi yake kallo.

Wani ya ja mini gefen riga. “Kai, durƙusa!”

Baba Lado daga ƙasa ya ce, “Ɗan boko, gwiwar ma a can ka baro ta?”

Na ce, “Barka da fitowa, ranka ya daɗe.” A tsaye. Sannan na ce, “Duna.”

Ya ratso tsakanin mutane yana rarrafe, ya kwanta a bayan ƙafafuna.

Mai unguwa ya daɗe yana kallonmu.

“Lado, kare ya zo. Kare zai zauna.”

“Ranka ya daɗe, amma ka ga...”

“Na gani. Karen ya samu tarbiyya. Saura mai shi.”

7. Je ka ba da haƙuri

Washegari ka ɗaure karen a gida, ka je zauren mai unguwa ka durƙusa har ƙafarka ta yi sanyi. Zai ce ba komai. Da komai.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin kare zai zo, bai yi alkawarin komai bayan haka ba. Ba ruwansa da gaisuwar da za a daina amsa maka, ko gidan da za ka je neman aure a ce a bari a yi shawara, ko sunan da za a laƙaba maka. Ni yanzu Na-Tsaye ake ce mini, har gwaggo. Ana kira sau ɗaya, ina zuwa. Awakina dai suna nan cif.