Ranar Da Lamba Goma Ya Girma

Wani ne a Bomo, can gefen Samaru, Allah ya ba shi ƙafa ya hana shi kai. In ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ka rantse da zare aka ɗaure ta. Amma ka aike shi sayen gishiri, to ka jira sukari, kuma ya tsaya yana yi maka gardama wai kai ne ba ka faɗa daidai ba. Kullum da yamma yana fili a Samaru yana yanka ɗalibai, su kuma suna ihu suna kiransa Furofesa. Shi da gaske ya ɗauka.

Ana nan sai Koci Martins ya gan shi. Martins shi ke horar da Zakarun Gabas, ƙungiyar Oga Chiedozie mai shagon kayan gyaran mota a Sabon Gari. A shekarar nan suka haye rukunin ƙwararru, inda ake sa hannu a takarda a riƙa ba mutum albashi don kawai ya buga ƙwallo. Suna neman lamba goma, mai raba wa 'yan gaba ƙwallo. Koci ya ce ya zo gwajin sati guda. Ranar Asabar akwai wasan sada zumunci da wata ƙungiya ta Hanwa. In ya yi abin kirki, ya sa hannu. In bai yi ba, ya koma gonar masarar kawunsa.

Mutuminka kuwa ba abin da ya tsana a duniya kamar gonar nan. A ranar ya ɗauki fartanyarsa ya kai wa yayarsa Dinatu.

Ya ce, "Yaya, ki ajiye wannan don tarihi. Wata rana 'yan jarida za su zo ɗaukar hotonta."

Dinatu ta ce, "Zan ajiye maka a bayan ƙofa, inda ba za ka sha wahalar nema ba."

Ranar Litinin aka fara atisaye. Ƙwallo na zuwa ƙafarsa ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu. Ya yanke Othniel, kyaftin ɗinsu, wanda ke tsaye yana jiran a ba shi. Ya yanke gola. Ya isa bakin raga, ya ga abin bai ishe shi ba, ya dawo ya sake yanke golan. Sannan ya ci, ya yi alkafura uku, ya tuɓe jesi, ya ruga bakin fili ya ɗauko waya yana ɗaukar kansa hoto.

Koci ya busa usur har sai da jijiyar wuyansa ta fito.

"Kai, zo nan! Shekarunka nawa?"

"Na takarda ko na gida, Koci?"

"Bar shi. Ƙafa dai kana da ita, amma ba ka girma ba. Nan ba wurin wasa ba ne."

Mutuminka ya ɗaga kai ya dubi allon da ke bakin ƙofa. An rubuta FILIN WASA, ɓaro-ɓaro. Ya buɗe baki, sai ya ga idon Koci, ya rufe.

Koci ya ce, "Abu biyu nake so. Ka girma, kuma ka koyi raba ƙwallo. Lamba goma uba ne a fili, kowa a hannunsa yake ci. Ranar da na ga ka daina wasa, a ranar Oga zai miƙo maka biro ka sa hannu. Ka ji?"

"Na ji, Koci."

Ya ji ɗin kuwa. Ai ita ce matsalarsa tun yana ƙarami, duk abin da aka faɗa yana ji.

A cikin bas ya yi ta tunani har Samaru. Yaya mutum zai girma kafin Asabar? Tsoro ya kama shi sosai, don yana rufe ido ba abin da yake gani sai kunyoyin masara. Yana sauka ya zarce wurin kawun nasa, Baba Shekari. Baba Shekari dattijon ikkilisiya ne, shi ke sasanta rigimar zumuntar mata, kuma shi ke raba naman watanda duk Kirsimeti, shekara ashirin ba a taɓa cewa ya yi son kai ba.

Ya durƙusa ya ce, "Kawu, yaya ake girma?"

Baba Shekari ya ajiye rediyonsa. Idonsa ya ciko da ƙwalla, don ya daɗe yana sa yaron nan a addu'a.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗana, babba ba ya gudu a gaban jama'a. Ba ya wuce mutum ba gaisuwa. In ana faɗa ya raba, ya faɗi gaskiya ko a kan nasa ne. In kuwa aka ba shi rabo, to ya tabbata kowa ya samu. Shi ne na ƙarshe."

"Rabo kowane iri?"

"Kowane iri."

"To Kawu, ara mini babbar rigarka."

Washegari 'yan wasa suna zagaya fili sai ga mutuminka ya shigo. Babbar riga a kan jesi, takalmin ƙwallo a ƙasa. Ga tabarau mara gilashi, ga tsohuwar jarida a hammata. Ya ɗauki minti biyar daga ƙofa zuwa tsakiyar fili. Ya tsaya gaban Koci, ya yi gyaran murya.

"Martins, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya ƙoƙari da yaran nan?"

Koci ya dube shi sama da ƙasa. "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Girma ne ya zo."

"Cire rigar nan kafin in cire ta da kanka a ciki! Shiga layi, gudu!"

Ya cire rigar, ya ninke, ya ɗora a benci. Ya shiga layi, hannu biyu a baya, yana takawa kamar mai duba gonar da zai saya.

"Na ce gudu!"

"Me ya yi zafi, Martins? Filin ai ba inda zai je."

Da a ranar za a kore shi, na rantse. To amma ka san sa'ar wawa. Aka raba su gida biyu aka fara bugawa. Shi yana tsaye a tsakiya ƙyam, ko gumi babu. Ƙwallo ta zo. Tunda babba ba ya gudu, bai tafi da ita ba, sai ya ɗan taɓa ta da gefen ƙafa. Ta ratsa mutum huɗu ta tsaya a gaban Othniel kamar an aiko ta da wasiƙa. Aka sake, ya sake. Har aka tashi bai yanke kowa ba, kuma bai ɓatar da ko ɗaya ba.

Othniel ya raɗa wa Koci, "Koci, ka ga natsuwa kuwa?"

Koci ya sosa ƙeya. Da yamma ya kira Oga Chiedozie a waya ya ce, "Oga, yaron akwai ɗan taɓi, amma ya natsu. Ka zo da takardar ranar Asabar."

Asabar da la'asar fili ya cika. Mutanen Bomo bas biyu suka yi, har da 'yan zumuntar mata da tulun kiɗansu. Baba Shekari na gaba, Dinatu na gefensa. Oga Chiedozie ya zauna a kujerar roba, takarda a kan cinya, biro a bayan kunne. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan, sai dai in ransa ya ɓaci yakan koma yaren gida.

Tun kafin a take wasa mutuminka ya bi 'yan Hanwa ɗaya bayan ɗaya.

"Sannunku da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen Hanwa? An samu ruwa wajenku?"

Ya isa kan alƙalin wasa, ya kama hannunsa da hannu biyu, yana tambayar lafiyar madam da yara. Sai da alƙalin ya fizge hannunsa sannan ya samu ya busa usur.

Minti goma, mutuminka ya taɓa ƙwallo, Othniel ya zura. Fili ya ɗauki ihu. Mutuminka ko murmushi bai yi ba, gyaran murya kawai ya yi. Kafin hutun rabin lokaci ya sake ba wani ɗan gaba, shi ma ya zura. Biyu da nema. Oga Chiedozie ya zaro biro daga bayan kunne ya cire masa hula. Aka dawo, Koci ya ga wasa ya zama nasu, ya yi ta canja 'yan wasa har ya ƙarar da canjinsa kaf. Lamba goma dai ba mai taɓa shi.

Saura minti ashirin, mutuminka ya tsaya ya ƙare wa 'yan Hanwa kallo. Tun ɗazu suke ta gudu, harshe a waje, ba wanda ya taɓa ƙwallo sau biyu a jere. Tausayi ya kama shi. Kunya kuma ta rufe shi, ga Kawu a zaune yana kallon irin rabon da yake yi, gida ɗaya na ta ci, gida ɗaya ko ƙashi.

Ƙwallo ta zo, ya taka ta. Ya dubi ɗan gaban Hanwa.

"Kai mai lamba tara, ka samu kuwa?"

Lamba tara ya waiga, ya ga da shi ake. "Ban samu ba."

"Ungo, yi haƙuri."

Irin wadda yake ba Othniel ya ba shi, har ta fi kyau. Lamba tara ya ga ba kowa a gabansa sai gola, ya zura. Biyu da ɗaya.

Koci ya yi ihu daga bakin layi, "Ba komai, kuskure ne! Ka natsu, ka raba ƙwallo!"

Mutuminka ya ɗaga masa hannu. "Ita nake yi, Martins."

Bayan minti biyar ya gano mai lamba sha ɗaya ma bai samu ba. Biyu da biyu.

"Wa na ce ka raba wa? Wa na ce ka raba wa, don Allah?"

"Ba ka ware kowa ba. Su ba 'ya'yan mutane ba ne?"

Oga Chiedozie ya mayar wa biro hularsa.

Ran Othniel ya ɓaci, ya rasa inda zai huce, ya kai wa wani ɗan Hanwa gwiwar hannu a haƙarƙari. Faɗa ya kaure. Alƙalin wasa bai ga farkon abin ba, ya rugo yana tambaya. Mutuminka ya tako a hankali, ya shiga tsakani, ya raba su.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a zalunci kowa. Namu ne ya fara. A kan idona."

Alƙali ya zaro jan kati. Othniel na fita yana faɗin maganganun da ba a faɗa a gaban zumuntar mata. Mutuminka ya bi shi da ido, ya girgiza kai ya ce, "Ƙuruciya."

Baba Shekari bai san kan ƙwallo ba, amma wannan ya gane. Ya taɓa Dinatu ya ce, "Kin gani? Tarbiyyata ce."

Dinatu ta ce, "Na gani, Kawu. Gobe ma za ka gan shi a gona."

Saura minti ɗaya. Wani ɗan bayan Zakaru ya ɗaɗa ƙwallo sama don ya rabu da ita. Golan Hanwa ya fito ya tara, santsi ya kwashe shi, ya faɗi. Ƙwallon ta gangaro ta tsaya a ƙafar mutuminka, taku uku da raga, ba kowa a ciki. Ko akuya aka ba ta za ta ci. Duk Bomo ta miƙe tsaye. Oga ya sake cire hular biro. Koci ya durƙusa a kan gwiwoyinsa.

"Buga! Don girman Allah buga! Taka ce!"

Mutuminka ya ji an ce tasa ce. Ransa ya biya, har ƙafarsa ta ɗaga da kanta. Sai ya tuna wane ne na ƙarshe a rabo. Ya sauke ƙafar, ya taka ƙwallon, ya juya wa ragar baya, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kafin in ɗauki nawa, akwai wanda bai samu ba?"

Golan Hanwa yana kwance a ƙasa, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Baba, ni."

"Ayya! Ka ga da na ci haƙƙinka."

Ya gangara masa ita a hankali har hannu. Golan bai tsaya godiya ba, ya tashi ya ɗaɗa ta gaba. 'Yan Zakaru duk sun taho murna, ba kowa a baya. Lamba tara ya karɓa ya zura. Uku da biyu, alƙali ya tashi wasa.

Oga Chiedozie ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Chineke!" Daga nan ba wanda ya ƙara gane abin da yake faɗa.

Mutuminka ya je benci ya ɗauki babbar rigarsa ya saka, ya gyara tabarau. Ya tako har gaban Oga da Koci, hannu biyu a baya. Koci Martins ya nuna shi da yatsa.

"Kai! Ka ji ni da kyau, a gaban kowa nake faɗa. Daga yau ka daina wasa! Ka daina wasa har abada!"

Fuskar mutuminka ta washe. Ya waiga ya ɗaga wa Dinatu gira, ya naɗe hannun riga, ya miƙa wa Oga Chiedozie tafin hannu.

"To Oga, ka dai ji da kunnenka. Miƙo biron."