Ramar Hawa na Ashirin da Uku

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin Asabar ne. Mu biyar ne a falon maƙwabtanmu a unguwar Sri Petaling, nan ƙasar waje: ni, maigidana Baban Hanif, Malam Sabi'u mai gidan, matarsa Maman Ikram da tsohon cikinta, sai mahaifiyarta Inna da ta sauka daga gida ranar. Ni na tara su. Amma bari in bi abin daki-daki.

A hawa na ashirin da uku muke, ƙofa na kallon ƙofa. Da za su yi tafiyar kwana uku, suka bar mini makulli in riƙa ba shukar baranda ruwa. Ina leƙawa na ga bokitai shida, ganye mai yatsu biyar, gefensa kamar zarto. Sak hoton wiwi da ake turowa a waya.

Na zauna na jera hujjoji. Na farko, ilimin noma Malam Sabi'u yake karantawa, kuma ba ya yawan magana. Na biyu, ya kewaye barandar da raga. Na uku, na taɓa jin cewa wiwi ta fi son wuri mai tudu, ga shi mutumin nan ya tsallake hawa ashirin da biyu ya tare a sama (ban tuna mu ma can muka tare ba). Ga matan ɗalibai da ke fitowa daga gidan da baƙar leda suna murmushi.

Kowa ya san tsananin hukuncin ƙasar nan a kan wiwi. Ba tallafin karatunsa kaɗai zai tafi ba, har shi kansa, ga mace da ciki. Don haka na tumɓuke su kaf, na ƙulle a leda uku, na hau jirgin ƙasa har can unguwar Masjid India na zubar a shara. Na dawo na wanke bokitan da omo.

To, ranar Asabar ɗin, dawowarsu ke nan, na gyara zama na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Wannan karon na rufa maka asiri, amma ba zan ƙara ba."

Ya leƙa baranda ya dawo a hankali. "Maman Hanif, ina ramar?"

"Wace rama?"

Maman Ikram ta dafe ciki. "Anti! Ita kaɗai ce ke zama a cikina!"

Inna ta ƙare mini kallo. "'Yar nan, daga wane gari kike?"

"Kano, Inna."

"Kanon Dabo? Kuma ba ki san rama ba?"

Na ce na san ta, amma a kwano. Baban Hanif, maimakon ya tare mini, sai cewa ya yi, "Kwaɗon da kike cinye musu duk Juma'a, har ki ce a yi miki tapau, a ƙulle miki a leda ki tafi da shi, daga ina kika zaci yake zuwa?"

Ragar kuwa, ashe saboda tsuntsaye ce.

Darasin ɗaya ne: abin da na shekara talatin ina ci a dafe, ya kamata in san kamanninsa a tsaye. Har yau Maman Ikram a taƙaice take amsa gaisuwata, ga bokitai shida a wanke suna jira. Don Allah, mai karatu, in ka san inda zan samu irin rama a garin nan, ka sanar da ni kafin ta haihu.