Yadda Za Ka Sha Taba a Gidan da Na'ura Ke Kai Gulmar Iska

Idan kai magidanci ne mai furfura a gemu, wanda duk unguwa ta shaida ya bar taba shekara goma sha uku da suka wuce, alhali kai da Ubangijinka kun san kara ɗaya kake zuƙa kullum bayan la'asar, to wannan rubutu naka ne. Ina ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan bakwai yadda na jera su, babu na'urar da za ta tona maka asiri. An gwada su a kan mutum mai rai, maƙwabcina Malam Gwadabe, tela a Limawa, kuma ni ne mai ba shi shawara tun farko har ƙarshe. Ban yi boko mai zurfi ba, amma na karanta takardar da ta zo cikin kwalin na'urar sau huɗu, abin da ko mai sayarwar bai yi ba.

1. Ka san da wa kake faɗa

Na'urorin biyu ne. 'Yarsa Zinariya, wadda ke aikin jinya a Kano, ita ta kawo su bayan mahaifiyarta Hajiya Ikilima ta kwana biyar a asibiti da ciwon asma. Ta farko kamar ƙaramin tulu take, a zuba mata ruwa ta riƙa busa turiri mai sanyi don busasshiyar iska kada ta kankare ƙirji. Wannan baiwar Allah ce, ba ruwanta da kowa.

Ta biyun ce matsalar. Ba ta fi sabulun wanka girma ba, tana da ido ɗaya: kore in iska lafiya, ɗorawa in da 'yar matsala, ja in da hayaƙi. Duk abin da ta shaƙa a falo sai ta mai da shi lamba ta aika wayar Zinariya nan take. A gidan, Magulmaciya ake ce mata.

Ka kuma riƙe sharaɗin da ya zo da ita. Zinariya ta durƙusa ta ce, "Baba, ba rashin kunya ba ne. Amma in idon nan ya riƙa yin ja, zan ɗauke Umma ta zauna wajena. Ba zan sake ganin ta da robar iska a hanci ba."

Shekara talatin da biyu Malam Gwadabe bai ci tuwon wani hannu ba. Ka ga abin ba na wasa ba ne.

2. Kada ka fita waje, kada kuma ka zare waya

Mai ƙaramin tunani zai ce, to ya fita waje mana. Waje ina? A zaure akwai 'yan hira. Tsakar gida, benen maƙwabcinsa Alhaji Sadisu na leƙowa. A shago masu kawo ɗinki ba sa sallama. Mutumin da ke sahun farko a masallaci ba shi da waje, ɗakinsa kawai yake da shi, ɗakin kuma ƙofarsa falo take kallo.

Malam Gwadabe ya fara da zare wayar wuta. Ashe akwai batir a cikinta. Da ya gano inda ake kashe ta gaba ɗaya, minti bakwai aka yi wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, an ɗauke wuta ne?"

"Eh to, kin san halinsu."

"Ai ina jin kukan fanka."

Darasi: na'urar da ta yi shiru ta fi mai magana surutu.

3. Kada ka sa ta a langa

Wannan shawarata ce, kuma na amsa laifina. Na ce ya ɗauko langar Hajiya mai marfi, ya sa Magulmaciya a ciki ya rufe, in ya gama ya fito da ita. Kwana biyu abin ya yi kyau. A rana ta uku ya manta da ita a ciki har isha.

"Baba, awa huɗu lambar ba ta motsa ba. Ko sama ko ƙasa. Kun daina numfashi ne a gidan?"

Ka kula, iskar da ta fi ƙarfin kyau ita ma shaida ce. Ko gidan waliyyi ana soya albasa.

4. Ka gyara zuciyarka kafin ka ci gaba

A nan za ka fara jin wani abu na tsunkulinka a ƙirji. Kada ka tsorata, ba tabar ba ce, tambaya ce. Ni na shafe kwanaki ina juya ta: wanda ya yaudari na'ura, ya yi ƙarya? Ƙarya sai da mai ji. Sabulun roba ba ya ji, ba ya fushi, ba za a tashe shi ranar hisabi ya nemi haƙƙinsa ba. In ka rufe madubi da mayafi, ai ba ka cuci madubin ba. Sai wata zuciyar ta ce, to wa ka hana ganin fuska?

Da abin ya ishe mu, muka je wajen Malam Abdulkahar, mai karantar da manya a zaurensa bayan asuba. Malam Gwadabe ya gyara zama ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wani mutum ne..."

Malam ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na'ura ba ta da haƙƙi a kan wani mutum. Wadda ke karanta ta tana da shi, wadda ke shaƙar iskar ta fi ta." Ya janyo littafinsa ya buɗe. "Ka kuma gaya wa wani mutumin ya riƙa canja riga kafin ya zo karatu."

Shawarata: ka ɗauki jumlar farko ta fatawar, ka bar masa sauran. Haka akasarin mutane ke yi da fatawa, kuma suna barci lafiya.

5. Kada ka zuba humra a tulun turiri

Wannan dabarar ba tawa ba ce, ta Malam Gwadabe ce. Ya ce tunda tulun na busa turiri, me zai hana ya busa ƙamshi ya danne warin? Ya tsiyaya humrar Hajiya rabin kwalba a cikin ruwan. Tulun ya yi tari, ya yi kumfa, ya mutu kwana uku. Magulmaciya kuwa ba ta san ƙamshi ba, ba ta san wari ba, ta yi ja kamar gauta. Ita duk abin da ba iska ba, laifi ne. Na sha tunanin ko wannan adalci ne ko rashin tarbiyya, har yau ban yanke ba.

6. Ka nemo wanda zai ɗauki laifin

Wannan shi ne ginshiƙin sana'ar. Ka fara da marasa baki. Ruwan burtsatse ya ɗauki mako guda, don da gaske gishirin cikinsa na tashi tare da turirin ya ɗaga lamba, sai Zinariya ta ce a koma ruwan leda. Janareton Alhaji Sadisu ya ɗauki kwana huɗu. Suyar kifi, biyu.

Da suka ƙare sai Malam Gwadabe ya waiga ya ga kaskon turaren wuta. Hajiya Ikilima da hannunta take haɗa turarenta, yadda ta koya wajen mahaifiyarta a Miga, kuma kullum bayan la'asar sai ta zuba garwashi ta zagaya falo da shi. Lokaci ɗaya da nasa. Na ce masa wannan kyauta ce daga sama.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji shi a waya, "amma kin san Ummanki da turare."

A ranar aka hana turare. Hajiya ba ta yi musu ba. Ta wanke kaskon ta kife shi a kan kabad. Gidan da ake gane shi da ƙamshi tun daga bakin lungu ya koma warin sabon siminti. Ka lura da kyawun matakin: bai faɗi kalmar ƙarya ko ɗaya ba. Na yi ta nanata masa haka, don na ga ya rage cin abinci.

7. In ranar ta zo, ka yi shiru

Za ta zo. Zinariya ta sauka wata Asabar da hantsi ba sanarwa. Bayan gaisuwa ta ajiye waya a kan tabarma, ina zaune, don an kira ni a matsayin wanda ya karanta takarda. A fuskar wayar ga zane kamar haƙoran zarto.

"Kwana goma sha takwas da hana turare," in ji ta. "Kullum huɗu da minti ashirin, ja. Minti goma, ya sauka. Ranar Juma'a ne kawai yake makara. Wane hayaƙi ne yake tsayawa zikirin Juma'a a masallaci?"

Abin da za ka yi a nan shi ne ka kalli silin. Malam Gwadabe ya kalla, ya yi daidai. Wani zai yi magana, ba kai ba.

Hajiya ce ta yi. "Ni ce. Na kasa bari. A ɓoye nake kunnawa."

"Umma! Da ƙirjin naki?"

"To ya zan yi, 'yar nan? Sabo ne."

Zinariya ta share ido da bakin mayafi, ta miƙe. "Shi ke nan. Ki haɗa kaya. Tunda a nan ba mai iya hana ki, ni zan iya."

Ka ga nasara cikakkiya. Asiri a rufe, na'ura ta sha kaye, mutunci na nan. Abin da ya rage kawai ka ɗauki jakar matarka ka kai mata mota. Hajiya ta shiga ɗaki, muna jin ƙarar zip.

A nan ɗalibina ya watsa min ƙasa a ido. Ya cire hularsa, ya zaro kwalin taba daga cikin naɗinta, ya ajiye kusa da wayar.

"Ba ita ba ce. Ki bar min matata."

Hajiya ta leƙo da ɗankwali a hannu, ta dubi kwalin, ko mamaki babu a fuskarta.

"Malam, shekara goma sha uku ni nake wanke hular nan. Kana zaton son hayaƙi ne ya sa mai asma take yawo da garwashi bayan la'asar? Baƙi ke shigowa gidan nan."

Na karanta takardar na'urar sau huɗu. Ba inda aka rubuta abin da mutum zai yi da fuskarsa a irin wannan lokaci.

Sanarwa

Na yi alkawarin na'ura ba za ta tona maka asiri ba, kuma ba ta tona ba, shi ya tona kansa. Don haka ba na karɓar ƙorafi. Hajiya tana gidanta. Turare ya koma tsakar gida, ranar Juma'a kawai, kuma Malam Gwadabe ne ke riƙe kaskon. Magulmaciya ta tashi daga falo ta koma ɗakinsa, a kan akwatin huluna, yanzu wayar Hajiya take kai wa rahoto. Wata biyu ke nan idonta kore, shi kuma ya cinye goron da zai ishi ɗaurin aure uku, ga faɗa da masu kawo ɗinki.

Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari ya daina shan taba, ko ya kasa haɗa ido da matarsa, ko aka daina neman shawararsa a unguwa, babu hannuna, babu ƙafata. Kada kuma a zo nemana bayan la'asar cikin makon nan. Jiya na ji tawa 'yar, Huseina, tana waya da Zinariya tana tambayar inda ake sayar da abin, ina buƙatar zama ni kaɗai in yi tunani.