Dakta Wataƙila da Ƙofar da Ba a Buɗe Ba

Idan ana lissafa waɗanda Allah ya yi wa baiwar fahimtar fim a garin nan, Dakta Wataƙila ne na ɗaya, shi ne kuma na biyu. Na uku ba a haife shi ba tukuna. Mu sauran bayin Allah kallo kawai muke yi mu tashi. Shi nazarin fim yake yi, biro a hannu, tabarau a kan karan hanci.

Sunan daga bakinsa ya fito. Ka tambaye shi ko jarumin ya mutu a ƙarshe, sai ya lumshe ido ya ce, "Wataƙila." Ka tambaye shi ko ya karya kumallo, nan ma wataƙila. Daktan kuwa na gaske ne, saura kaɗan. Shekara goma sha huɗu ke nan da ya fara digirin digirgir, ya rubuta babi huɗu, na biyar ya bar shi a buɗe don girmama hankalin malamansa. A ofishin ajiyar takardu inda yake aiki ma haka abin yake. Duk fayil ɗin da ya hau teburinsa yakan samu ƙarshe irin na manyan finafinai, wato ba wanda ya san yadda ta kaya.

Aƙidarsa ɗaya ce, yana kuma shelarta kowace Asabar da la'asar a ƙaramin zauren cibiyar al'adu, gaban mutum tara zuwa goma sha biyu, gwargwadon lafiyar fanka.

"Jama'a," in ji shi, "fim ɗin da ya gaya maka ƙarshensa ya raina ka. Ya ɗauke ka jariri, ya tauna ya zuba maka a baki. Mugu a hannun 'yan sanda, masoya sun daidaita, kowa na washe haƙora. Wannan abincin masu ƙaramin tunani ne. Babban darakta yakan kai ka bakin ƙofa ya saki hannunka."

Ƙofar nan ba misali ba ce kawai. Akwai wani fim da Dakta ya gina duk martabarsa a kai. Labarin wata mata ce da mijinta ya tafi aiki a jirgin ruwa, shekara tara ba wasiƙa, ba gawa. Wata rana tana zaune tana ɗinki sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ajiye allura, ta miƙe, ta kai hannu ga mariƙin ƙofar. Ɗif, allo ya yi baƙi. Ba kiɗa, ba ko sunayen 'yan wasa.

Ƙanin matarsa, mai gyaran waya, shi ya sauko masa da fim ɗin a kwamfuta shekara uku da suka wuce, kuma tun daga ranar Dakta bai sake zama mutum irinmu ba. Ya kalle shi sau arba'in da ɗaya. Ya buga ɗan littafi mai shafi sittin a kan baƙin allon kaɗai. Shafi takwas daga ciki a kan rashin sunayen 'yan wasa ne, abin da ya kira tawali'u mafi girma a tarihin sinima.

Matarsa nas ce, mace mai son a gaya mata ko zazzaɓi ya sauka ko bai sauka ba. Sau ɗaya ta kalli fim ɗin.

"To, Baban yara, wa ya buga ƙofar?"

"Wannan tambayar ita ce matsalar al'ummarmu."

"Mijin ne ko ba shi ba ne?"

"Ki bar zuciyarki ta ƙarasa."

"Zuciyata tana da aiki," in ji ta. "Ni dai na ga kamar mai fim ɗin gajiya ya yi, ya tafi gida."

Dakta ya yafe mata. Har ya ambace ta a shafi na goma sha biyu da sunan "wata mai kallo".

Ana nan sai ga dama ta samu. Cibiyar al'adu ta kafa gasar finafinai, tana neman shugaban alƙalai. Shugabar cibiyar ta ce za ta yanke shawara bayan taron ƙaddamarwa, inda za a nuna fim ɗin nan na ƙofa, wadda ta yi shi ma za ta zo da kanta. Aka ba Dakta minti goma ya gabatar da shi. Saboda tawali'u bai gaya wa kowa cewa kujerar tasa ce ba. Kwat kawai ya ɗinka, ya buga kati ɗari biyar masu ɗauke da "Shugaban Alƙalai" a ƙarƙashin sunansa.

Ranar taro babban zaure ya cika. Daraktar wata dattijuwa ce 'yar firit, tana zaune a layin gaba da jaka a cinya. Dakta ya hau mumbari, ya mayar da minti gomansa hamsin.

"Da wannan baiwar Allah ta buɗe ƙofar nan," ya ce yana nuna ta da biro, "da ta zama ɗaya daga cikin masu tallan hawaye. Kowane jaki zai iya buɗe ƙofa ya nuna mana miji ya dawo, a yi ta koke-koke. Ita ta ƙi! Ta ba mu duhu, ta ce mu yi tunani. Ko sunanta ba ta rubuta ba!"

Dattijuwar ta dubi shugabar cibiyar, shugabar cibiyar ta dubi silin. Dakta ya fahimci cewa jawabin ya ratsa su.

Aka kashe fitilu, aka sa kwafin da daraktar ta zo da shi. Awa ɗaya da rabi Dakta yana motsa leɓe tare da 'yan wasa. Aka zo wurin ɗinki. Aka ƙwanƙwasa. Matar ta ajiye allura, ta miƙe, ta kai hannu. Dakta ya zabura tsaye, ya ce, "Ga shi nan!" ya fara tafi shi kaɗai.

Ƙofa ta buɗe.

Mijin ne. Ya yi furfura, yana ɗingishi, da tsohuwar jaka a kafaɗa. Minti goma sha ɗaya cur aka yi ana kuka, ana bayanin inda ya shiga, maƙwabta na shigowa, yara na tsalle. Sannan kiɗa ya tashi, sunaye suka yi ta hawa allo, har da na direba da na mai dafa wa 'yan wasa abinci. Zaure ya jiƙe da hawaye. Daga layi na uku aka ji muryar nas tana cewa, "Alhamdu lillahi, mijin ne!" Dakta na tsaye, tafukansa a buɗe, ba su ƙarasa haɗuwa ba.

Da aka kunna fitilu aka miƙa wa dattijuwar makirufo.

"Na gode wa Dakta," ta ce a hankali. "Sai dai ban san wane fim ya kalla ba. Mahaifiyata ta jira babana shekara tara, bai dawo ba har ta rasu. Na yi fim ɗin nan ne don in buɗe mata ƙofar. Jakin da ya buɗe ta, ni ce."

A farfajiya Dakta ya kira ƙanin matarsa.

"Haba Yaya," in ji mai gyaran waya, "ai tun ranar na gaya maka data ta ƙare kafin ya gama sauka. Na ce zan dawo in ƙarasa, ka ce kar in dame ka, kana nazari."

Babban mutum ba ya faɗuwa da sauƙi. Kafin su isa gida Dakta ya gano cewa kwafinsa ya fi na daraktar zurfi, kuma ita kanta ba ta fahimci fim ɗinta ba.

Bayan kwana uku wasiƙar cibiyar ta iso, layi biyu: sun gode da sha'awarsa, za su tuntuɓe shi a lokacin da ya dace. Yau sati shida. Ya kira ofishinsu sau goma sha bakwai.

"Ku ce mini e ko a'a!" haka maƙwabta ke jiyo shi ta taga. "Wane irin wulaƙanci ne a bar mutum a rataye? Ni ba ni da haƙƙin in san ƙarshen magana?"

Yanzu ko iska ce ta taɓa ƙofar gidansa, shi ke fara isa, ko masinjan cibiyar ne. Shekaranjiya da hantsi aka ƙwanƙwasa. Ya ajiye kofin shayi, ya miƙe, ya kai hannu ga mariƙi.

"Baban yara, kar ka buɗe," in ji matarsa tana gugar kayan aikinta. "Ka bar zuciyarka ta ƙarasa."

Ya buɗe. Mai kwashe shara ne. Ya ga kwali a bakin ƙofa cike da ƙananan littattafai da katuna, shi ne yake tambaya ko na zubarwa ne.

Dakta ya dubi kwalin, ya gyara tabarau, ya lumshe ido.

"Wataƙila," ya ce.

"Na zubarwa ne," in ji matarsa daga ciki.