Yatsuna Biyu da Ƙafar Ya Falmata

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da hannuna na dama ya dawo aiki ba, ko da yake in da an yi shawara da ni, da na zaɓar masa wani wuri dabam da wasu shaidu dabam.

Bari in fara daga gilashin taga. Na gama jami'a, na gama hidimar ƙasa, ina zaune a gidanmu a unguwar Malam Inna a Gombe ina jiran aiki. Wata Asabar na ce bari in ciro gilasan tagar ɗakin Dada, mahaifiyata, in wanke mata (babu wanda ya sa ni, ya kamata a san wannan). Ɗaya ya suɓuce, na kai hannu zan tare shi. Ya yanke ni a gindin yatsu biyu, na tsakiya da mai bi masa, ya tsinka jijiyoyin da ke lanƙwasa su. Likita ya buɗe wurin ya ɗinke, sannan ya ce mini nasa aikin rabi ne, sauran rabin yana sashen gashin ƙashi, wajen masu koya wa hannu motsi.

A can na haɗu da Madam Rahila, wata gajeruwar mata 'yar Kaltungo mai tabarau, wadda ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita magana. Ranar farko ta yi mini bayani da igiyar takalmi da bututun biro. Ta ce jijiyar yatsa haka take, igiya ce da ke zirga-zirga a cikin bututu. In an ja ta da ƙarfi kafin ɗinkin ya kama, za ta tsinke. In kuma an bar ta ba motsi, za ta manne da jikin bututun, yatsa ya sandare. Kunnena ya ɗauki rabin farko na wannan magana, ya rufe ƙofa.

A yi mini adalci, ban taɓa fashin zuwa ba. Nakan riga masu shara isa. A gida ma duk motsin da ta ce in yi ina yi, a kan lokaci, har da wanke hannu kafin in fara. Matsalar ita ce da zarar na ji wurin ɗinkin ya ɗan ja, sai in tsaya cak. Na karanta a waya labaran mutanen da jijiyarsu ta sake tsinkewa, na karanta su da yawa, wasu har sau biyu. Makonnin farko wannan taka-tsantsan ya yi daidai da abin da ake so, har Madam ta yaba mini. Amma aka cire mini robar da ke tallafe hannun, aka shiga wata na uku, ni ina nan inda nake. In ita ta kama yatsun ta lanƙwasa, sukan sauka har tafin hannu ba gardama. In ta ce in yi da kaina, sai su tsaya a rabin hanya, kamar ina riƙe da lemon da babu shi.

"Akwai zafi?" in ji ta.

"To, ba zan ce zafi ba kai tsaye. Amma ba zan ce babu ba."

"Malam, matsa."

"Ina matsawa, Madam. Wataƙila dai iyakarsa ke nan a yau."

Tuwo da cokali nake ci. Gaisawa kuwa tsintsiyar hannu nake miƙa wa mutane kamar mahauci yana tsakiyar aiki. Rannan Madam ta cire tabarau ta gaya mini gaskiya. Ta ce ɗayan biyu ne: ko jijiyar ta manne, ko ni ne nake hana ta tafiya, kuma ita ba ta da hanyar rarrabewa tunda na ƙi matsawa. In likita ya duba ni a ƙarshen wata ya ga yatsun a haka, zai ɗauka mannewa ce, ya sake buɗe hannun ya ɓamɓare ta. Wato wani aikin tiyata, wani ɗinkin, a koma farko. Na fita daga ɗakin, na koma gida na ci gaba da yin motsin nan rabi-rabi, amma da ƙarin natsuwa.

Ɗakin da ake yi mana aikin yana da dogon tebur guda, masu ciwon hannu muna zama kewaye da shi, kowa da abin wasansa: mai matsa soso, mai tsintar wake daga cikin shinkafa, mai jiƙa hannu a ruwan ɗumi. Kusa da ni kullum Ya Falmata ce ke zama. Tsohuwa ce 'yar Borno, siririya, ta zo Gombe da jikokinta lokacin da garinsu ya gagari zama, tana wajen ɗanta a unguwar Kagarawal tana haɗa turaren wuta. Santsi ya ɗauke ta a banɗaki ta karye a wuyan hannu. Ranar da ta ji ni Bafulatani ne ta gyara zama kamar an kawo mata abinci.

"Ashe bawana ne a gefena ban sani ba," in ji ta. "Kai, Fulani da ake cewa ana zabga musu bulala suna murmushi, kai soso ya gagare ka?"

"Ya Falmata, nawa ciwon na jijiya ne, ba irin naki ba ne."

"Jijiya ko? Mu Barebari da jijiya da ƙashi duk tare muke karyawa mu tashi mu ɗora tukunya."

Nakan rama, gwargwadon hali. Amma mutumin da yake fara kowace magana da "a ganina dai" ba ya cin irin wannan wasa.

Shekarun nan ne da gari yake zaune a kan tsoro. An sha jin tashin bam a tashoshin mota, a ƙofar asibiti sai an laluba ka an leƙa jakarka, in wani ya ajiye leda ya matsa sai kowa ya watse. Ni kuwa na ɗauki lamarin da muhimmanci irin nawa. Na san ƙofofin sashen nan duka, na san wadda ake kullewa. Har lacca na taɓa yi wa mutanen teburinmu (ba su nema ba) cewa in aka ji ƙara babban kuskure shi ne firgita. A natsu, a dubi inda ƙarar ta fito, a taimaki tsofaffi da mata tukuna, sannan a fita a jere. Ya Falmata ta saurare ni har ƙarshe tana tsintar wakenta, ta ce, "Allah ya sa ka zama gwamna."

Ana saura 'yan kwanaki in ga likita, wata safiya muna kewaye da tebur, na sa farar riga mai dogon hannu na ɗame ta cikin wando, saboda daga nan zan wuce kai takardun neman aiki a wata makaranta a Nasarawo. Madam tana gefe tana gyara wa wani dattijo ɗauri. Ina cikin lallaɓa sosona sai wata irin ƙara ta tashi a bayan ginin, tagogi suka girgiza, ƙasa ta amsa a tafin ƙafata.

Abin da ya faru tsakanin wannan ƙara da dawowar hankalina, ba ni da labarinsa sai daga bakin mutane, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Na dai farga na gan ni a ƙarƙashin tebur, kwance rub da ciki, kujerata ta kife, bakina yana salati da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. Na jira in ji gudu da kururuwa. Shiru. Sai ƙafafun mutane a jere, kowa a inda yake. Daga waje wani yana faɗa da wani a kan igiya. Ashe ma'aikata ne ke sauke wani tsohon tankin ruwa na ƙarfe daga kan gini, ya kuɓuce musu ya faɗo a kan siminti.

Daga sama na ji muryar Ya Falmata, a natse. "Madam, zo ki karɓar mini ƙafata a wajen Bafulataninki."

Na dubi gabana. Hannuna na dama, wanda ya yi wata da watanni yana ƙin soso, yana damƙe da idon sawun tsohuwar nan. Yatsun nan biyu sun zagaye shi sun nutse. Takalminta ɗaya ya fita.

Na yunƙura zan saki, sai na ga tabarau ya leƙo ƙarƙashin tebur. Madam Rahila ce ta durƙusa.

"Kar ka saki," ta ce.

"Madam, don Allah…"

"Na ce kar ka saki. Mama, yi haƙuri, kar ki motsa ƙafar."

Ta shigo da rarrafe har inda nake, ta kunna fitilar wayarta, ta haska hannuna. Ta bi gaɓoɓin yatsun ɗaya bayan ɗaya tana taɓawa, ta sa yatsanta ta gwada ɓamɓare nawa, suka ƙi. Sauran marasa lafiya suka sunkuyo su ma, kawuna a jere ta kowane gefe, har da dattijon da ɗaurinsa ke warware yana jan ƙasa. Wata ma'aikaciyar jinya da ta leƙo ta ga ko lafiya, ta tsaya a bakin ƙofa ta kira wata.

"Ƙara matsawa," in ji Madam.

"Kar ya ƙara," in ji Ya Falmata. "Tun rasuwar maigidana babu namijin da ya riƙe ni haka. Yaro, in da gaske kake ka turo manyanka Kagarawal, amma ka sani shanu nake karɓa."

Ɗakin ya fashe da dariya. Ni kuwa ina kwance, kuncina a kan siminti, farar rigata ta share ƙasan teburin da masu shara ba sa kaiwa. Da aka ba ni izini na saki, na fito da baya da baya, na buga ƙeya a gefen tebur, wake da shinkafa suka zubo mini a ka. Wurin ɗinkin yana zafi kamar an ɗora garwashi. Tsoron da na saba da shi ya dawo nan take.

"Madam, ina jin kamar… ban tabbata ba, amma kamar ta tsinke."

Ta riƙe tsakiyar yatsan ta ce in lanƙwasa kansa. Ya lanƙwasu. Ta koma ɗayan, shi ma haka. Sannan ta nuna mini idon sawun Ya Falmata, inda shatin yatsuna ya kwanta ɓaro-ɓaro.

"Tsinkakkiyar jijiya ba ta yin wannan aiki," ta ce. "Wadda ta manne ma ba ta yi. Dunƙule hannu."

Na buɗe baki zan ce wataƙila.

"Malam, mutum nawa ne suka gani yanzu?"

Na dunƙule. Da zafi, da ja, da komai, amma kan yatsun ya taɓa tafin hannuna, karo na farko tun ranar gilashi. Na tsaya ina kallonsa, da wake a gashina.

"Tsofaffi da mata tukuna," in ji Ya Falmata tana laluben takalminta da ƙafa. "Gaskiya ka cika alkawari. Da ni ka fara."

Ban je Nasarawo ran nan ba. Na ba Ya Falmata haƙuri har sai da ta gaji ta ce in na ƙara za ta kai ƙara wajen Dada. Daga ranar Madam ta daina lallashina. Ta ba ni tawul in jiƙa in matse, ta ba ni ƙwallon roba mai tauri, in na ce ya ja sai ta ce ja ɗin ake nema, lokacin tsoronsa ya wuce. Ba ni da bakin musu, don duk wanda ke teburin nan ya san abin da hannun zai iya.

Ranar ganin likita ya juya hannun, ya sa na buɗe na rufe, na buɗe na rufe. Ya ce babu maganar sake tiyata, in ci gaba da zuwa gashi har ƙarfin ya cika. Sai ya dube ni da sha'awa ya ce an gaya masa na daɗe a tsaye wuri ɗaya, me na canza? Yana so ya riƙa ba wasu shawara.

Na ce, "Na ɗan riƙe wani abu ne da ƙarfi, likita."

"Mene ne?"

Madam Rahila tana tsaye a bayansa, ta juya tana kallon bango, kafaɗunta suna rawa.

Na ce masa ba abu ne da za a samu a kowane asibiti ba.

Yau hannun yana rubutu a allo, yana cin tuwo, yana gaisawa har a ce in sassauta. Abin da na koya kuwa, kuma wannan karon ba na shakka, shi ne in masu aikin suka ce lokacin matsawa ya yi, ka matsa a zaune a kan kujera da mutuncinka. In ka ƙi, jikinka zai yi ba da saninka ba, kuma ba ya duba ko ƙafar wa ce a kusa.