Rasuwar 'Yar Fara, Motar Gidan Mikami

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, gidan Mikami na bakin gaɓar Tsugaru yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar 'Yar Fara, ƙaramar akori-kurar nan da kowa ya sani. Ta riga mu gidan gaskiya a kan hanyar bakin teku, tana ɗauke da ciyawar ruwa, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya san tana yi. Mai karɓar gaisuwa ita ce Toshie, matar marigayi Sadao masunci, kuma duk wanda ya ga idonta zai san ba wasa take yi ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da raki. Ta ɗauki raga, ta ɗauki kifi da ƙarninsa, ta kai tsofaffin unguwa asibiti ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Da safe idan an murza mata makulli sai ta ce kyar-kyar-kyar, ta yi tari, sannan ta tashi. Aibinta ɗaya, ƙofar hagu ba ta rufuwa sai da mari, wannan kuwa an daɗe da yafe mata.

Duk wanda ya zauna a nan ya san abin da gishiri ke yi wa ƙarfe. Teku ta watso nata, masu share dusar ƙanƙara su zuba nasu a titi. Shi ya sa Sadao bai taɓa wasa da ƙafafun motarsa ba. Idan sanyi ya ƙarato ya sa mata tayoyin ƙanƙara, idan ya wuce ya cire. Yakan kwance notin taya ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ce ƙiiit, ya jefa su a gwangwani, ya zauna a bakin rumfa yana goge musu tsatsa da buroshin ƙarfe. Sai ya shafa ɗan ɗigon mai, ya fara mayar da su da yatsa kafin sifana ta taɓa su, ya wanke ƙarƙashin motar da ruwan ɗumi. Toshie takan tsokane shi cewa ko bayanta bai taɓa cuɗawa da irin wannan natsuwa ba. Shi kuma ya ce ai ita ba ta tsatsa, bakinta kullum cikin motsi yake.

A ƙarshen kakar bara waccan ya ɗaura tayoyin ƙanƙara kamar yadda ya saba. A makon ne ya fita kamun kifi da jirginsa. Jirgin ya dawo, teku ta riƙe mai shi.

Daga nan ciwon 'Yar Fara ya samo asali. Da sanyi ya wuce, Masaji ƙanin Sadao, wanda ke da gareji a bakin tasha, ya zo da jak zai canza tayoyin. Toshie ta tare ƙofar rumfa. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce notin da ba a kwancewa a goge, gishiri ke haɗe shi da ƙarfen ya zama abu guda.

"Matar Yaya, ki bari in kwance, ni zan mayar da hannuna."

"Hannunka daban, nasa daban," in ji ta. "Shi ya ɗaure. Abin da ya rage mini ke nan wanda ya ɗaure bai kwance ba."

Mutanen gari sun ce taurin kai ne, kuma da gaskiyarsu, amma cikinsu babu wanda ya iya faɗa mata a gabanta. Haka motar ta sha zafin bazara da takalman sanyi, ta shiga wani sanyin da su. Jan ruwa ya fara gangarowa daga kowane noti. Toshie ta riƙa goge shi da tsumma daga waje, tana ganin kulawa ce, ciwon kuwa yana ci daga ciki. Ruwan ɗumin nan na ƙarƙashi ma babu wanda ya tuna da shi.

Ranar da ajali ya zo, tayar baya ce ta fashe da hantsi. Masaji ya iso, ya kafa sifana, ya zura mata bututun ƙarfe, ya hau da dukkan nauyinsa. Notin bai ce ƙiiit ba. Ya yi shiru, ya yi shiru, sai kawai ya ce ƙas, ya karye tare da abin da yake riƙe. Na kusa da shi ma haka. Da aka sa jak za a ɗaga ta, jak ya huda ƙashin bayanta ya shige, jan gari ya zubo a titi kamar garin barkono. Masaji ya cire hularsa. Toshie ta zauna a gefen hanya, ta ji Sadao ya sake mutuwa a gabanta.

Marigayiyar ta rasu ta bar tayoyin bazara huɗu, suna jibge a rumfa, har yau suna jiran ranar da za a kira su. Ta bar jak, da sifana wadda ta lanƙwashe a wajen ceto, da gwangwani, da buroshin ƙarfe a rataye a ƙusa. Toshie ta ce da safe idan tana hura wutar shayi tana jin buroshin yana ta shas-shas-shas a rumfa, in ta leƙa ya yi shiru. Maƙwabciyarta ta ce iska ce, amma ita ma ta daina bi ta wajen.

Za a yi sallama da 'Yar Fara ranar Lahadi da safe a gaban wurin ibadar da ke tashar jiragen ruwa, inda mai addu'a zai gode mata bisa hidimarta, a zuba mata giyar shinkafa a goshi, sannan motar masu tsohon ƙarfe ta ɗauke ta. Iyalan suna roƙon masu rakiya su yi haƙuri su bar al'adar nan tamu ta barbaɗa gishiri don tsarkake jiki bayan jana'iza, a wannan karon kada kowa ya zo da shi.

Ƙafar gaba ta wajen direba ce kaɗai ba za ta bi gawar ba, domin notocinta duk suna nan daram yadda aka ɗaure su. Masaji zai yanke ta daga gindi, ba tare da sifana ta taɓa ta ba, ya ɗauka a kafaɗa zuwa maƙabartar kan tudu, inda sunan Sadao yake a jikin dutse, ƙarƙashinsa babu komai.