Ranar da Na Kai Baƙi Wankan Bayi

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na mayar da kaina jagorar baƙi a Salaga ba, ko da yake zan so in manta.

Mu uku ne a ɗakin kwana na sakandare, shekaru kaɗan bayan ƙasarmu ta koma Gana: ni, da Sanatu 'yar Yendi, da Lamisi 'yar Bawku. Muka yi alkawari kowa za ta zaga da sauran a garinsu. Sanatu ta kai mu kaburburan Jamusawa, ta tsaya tana karanta sunayensu kamar 'yan uwanta ne. Lamisi ta sa muka hau lori zuwa Pusiga, inda ake cewa ƙasa ta haɗiye wani sarki na da. Saura ni. Na yi niyyar sai na fi su (halina ke nan, ko gaisuwa ba na son a riga ni).

Na fara da tsohuwar kasuwa, na nuna musu kukar da ake ɗaure mutane a gindinta. Na bi da su unguwa-unguwa, na nuna masallacin kakanninmu fataken goro. Rana ta take, ƙafafu sun yi futu-futu, amma ko sau ɗaya ba su buɗe baki don mamaki ba. Daga ƙarshe muka gangara Wankan Bayi, wato rijiyoyin da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Har yanzu mata na ɗibar ruwa a wasu.

Sanatu ta leƙa ɗaya, ta taɓe baki. "Rabi, ramuka kika kawo mu gani? A bayan gidanmu ma akwai."

"Ku dai naku matattun Turawa ne," na ce.

"Namu dai da rubutu. Naku wa ya shaida?"

A nan ne fa na ɓata. Cikin matan da ke jan ruwa akwai Mma Lariba. Tsohuwa ce da ke shiga gidanmu tun kafin a haife ni. Ita ta goye ni, ita ke min kitso, ita kaɗai ke iya ja min kunne in yi shiru. Na taɓa jin gwaggona tana raɗa cewa uwar Mma Lariba kakan babana ne ya saye ta. A Salaga kowa ya san irin wannan, kuma ba mai faɗa. Gidan da aka saya da gidan da ya saya suna cin tuwo a kwano ɗaya, suna zuwa sunan juna, maganar tana kwance. Ni ma na san haka. Sai dai ina da littafin tarihi a hammata, ina ji kamar shi ya ba ni izini.

Na ɗaga murya. "Mma, zo ki tsaya nan." Ta taho tana murmushi, tana zaton gaisawa za su yi. Na dafa kafaɗarta na ce, "Kuna son shaida? Ga ta. Uwarta a rijiyar nan aka wanke ta, kakan babana ya saye ta a kasuwar da na nuna muku."

Da Hausa na faɗa, don kowa ya ji. Har na ƙara da nuna musu tsagen kumatunta (Allah ya yafe min, da ɗan yatsa).

Guga ya tsaya a hannun kowa. Cikin matan har da uwar mijin jikar Mma Lariba. Lamisi ta sunkuyar da kai, Sanatu kuwa ta durƙusa ta gaishe da tsohuwar, abin da ni ban yi ba tun isowarmu.

Mma Lariba ta gyara ɗaurin zaninta a hankali. Ta ce, "Haka ne, Rabi. Ni ma da ruwan nan na wanke ki ranar sunanki. Tunda kina ba da labari, ki haɗa da wannan."

Ta ɗauki garwarta ta wuce, ba ta ko cika ta ba.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Babana, wanda malami ne mai karantarwa a zaure, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Shekara nawa ina zaune da abin nan a bakina ban tofar ba. Ke aji uku kawai kika yi, har kin tofar." Ƙawayena suka bi lorin safe, ko dokunun da innata ta ƙulle musu, wato tuwon masarar nan na cikin ganye, ba su tsaya ɗauka ba.

Na yi kwana uku ina gardama da kaina cewa ai gaskiya na faɗa. A na huɗu na ƙulla goro na tafi gidanta. Na shirya za ta zage ni, ko ta ja kunnen nan, in yi kuka a wuce wurin. Da ta gan ni sai ta tashi daga tabarmarta, ta rusuna, tsohuwa da furfurarta, ta ce, "Sannu da zuwa, 'yar ubangijina. Me za a yi miki?"

Na ce, "Mma, ni ce fa, Rabi."

"Na gane ki, ranki ya daɗe."

Ta karɓi goron da hannu biyu, ta sa min albarka, ta raka ni har bakin ƙofa. Daga ranar ba ta sake taka gidanmu ba. Duk inda muka haɗu haka take rusuna min, ko a tsakiyar kasuwa ne, ni kuma in rasa inda zan sa fuskata. Ina kwalejin horar da malamai aka aiko min ta rasu.

Har yanzu idan baƙi sun zo ni ake turawa in zaga da su, tunda wai ni ce mai Turanci. Ina nuna musu kuka, ina nuna musu rijiyoyi, kuma ina yi da kyau. Idan wani ya tambaya ina jikokin mutanen suke, sai in ce rana ta yi, mu je a sha ruwa. Abin da na koya, a makare, shi ne ɗan yatsana ya tsaya kan abin da ba shi da kunne.